Juyen Baƙin Mai: Duk Wata Ko Shekara-Shekara?

Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce a Birnin Kebbi. Maigidana ya rasu bara, kuma da aka raba gado motarsa ta faɗo a rabona da na 'ya'yana. Toyota Corolla ce ƙirar 2007 da aka shigo da ita daga Amurka. Da ita nake zuwa makaranta, tafiyar da ba ta wuce kilomita 4 ba, sai kasuwa da unguwa, sannan sau ɗaya a wata nakan kai yara Argungu su gaida kakanninsu. Bakaniken da ke duba motar tun marigayi yana raye dattijo ne kuma amininsa, ya ce lallai duk ƙarshen wata in kawo ta a yi juye, kuma mai lamba 20W-50 yake zuba mata. Ƙanin maigidana kuwa ya ce cutata ake yi, wai man zamani yana shekara guda ba a taɓa shi ba, har ya nuna mini an rubuta 5W-30 a murfin wurin zuba mai. Albashina ba ya ɗaukar juye duk wata, amma ina tsoron kada injin ya buga, kuma ina jin nauyin dattijon nan da ya tsaya mana lokacin rasuwa. Wa zan bi a cikinsu?

Wata malama, Birnin Kebbi

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, Allah Ya jiƙan maigidanki, Ya gafarta masa, Ya raya abin da ya bari, Ya kuma ba ki ladan haƙuri.

Amsar a taƙaice ita ce, ga motarki da irin tafiyar da kike yi da ita, juye sau biyu a shekara ya wadatar, wato bayan kowane wata shida, matuƙar man da ake zubawa na gaskiya ne kuma ana canza filtar mai tare da shi. Juyen wata-wata asarar kuɗi ne a gare ki, barin man ya cika shekara kuwa ganganci ne a ƙasa irin tamu mai ƙura da zafi. Zan bayyana miki dalilai daki-daki, domin idan kika fahimce su ba za ki sake tsayawa tsakanin mutum biyu kina rasa na bi ba, kuma za ki iya yi wa kowannensu magana cikin mutunci.

Ana auna tsufan baƙin mai ne da abubuwa biyu, nisan tafiyar da motar ta yi da kuma tsawon lokacin da man ya yi a cikin inji, kuma duk wanda ya riga cika shi ake bi. Kamfanin Toyota, a littafin da ya fitar tare da Corolla ta 2007 da aka sayar a Amurka, ya ce a canza mai da filta bayan mil 5,000 ko wata shida. Tun da motarki daga can ta fito, mitar da ke gabanki da mil take ƙirga ba da kilomita ba, kuma wannan yana rikita mutane da yawa, domin mil guda ya kai kilomita 1.6, don haka mil 5,000 kusan kilomita 8,000 ke nan. Ni dai, saboda ƙurar hunturu da hanyoyinmu na cikin unguwa da ba su da kwalta, da kuma rashin tabbas kan tsabtar fetur a wasu gidajen mai, nakan shawarci masu mota a wannan yanki su rage, su tsaya a kilomita 5,000, wanda a mitarki zai nuna mil 3,000 da ɗoriya kaɗan.

Yanzu mu yi lissafin tafiyarki. Zuwa makaranta da dawowa kilomita 8 ne a rana, wanda a ranakun aiki na wata guda bai kai kilomita 200 ba. Birnin Kebbi zuwa Argungu kimanin kilomita 50 ne, zuwa da dawowa 100 da 'yan kai. Ko da an ƙara kasuwa da asibiti da gidajen biki da na gaisuwa, da wuya ki wuce kilomita 500 a wata. A wata shida ke nan kina da kilomita 3,000, ba ki ma kusanci iyakar da na ambata ba. Saboda haka a wurinki kalanda ce za ta riƙa cika kafin mita, kuma man da ake zubar miki duk ƙarshen wata man ne da bai yi fiye da kashi ɗaya cikin goma na tafiyar da aka yi shi dominta ba.

Duk da haka ina roƙon ki da kada ki saka wa ranki cewa dattijon nan cutarki yake yi, domin ƙa'idarsa tana da asali. Da yawa daga cikin motocin da ke shiga garejin bakanike a garuruwanmu na haya ne, kuma direban da ke jigila tsakanin Birnin Kebbi da Sakkwato, tafiyar kusan kilomita 150, idan ya je ya dawo sau ɗaya a rana ya ci kilomita 300, a kwana ashirin da biyar kuwa ya ci 7,500. Irin wannan direba idan ya jira ƙarshen wata ma ya makara. Bayan wannan, dattawan bakanikai sun koyi sana'a ne a kan Fijo 504 da 505, waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, a zamanin kafireta da ke barin ɗanyen fetur ya zarce cikin mai, da kuma man da bai kai na yau ƙarfin sinadarai ba. A wancan lokaci yawan juye shi ne kariyar inji, kuma wanda ya ga amfanin abu shekara talatin ba ya sakinsa da sauƙi. Mai yiwuwa kuma marigayi ya fi ki yawan tafiye-tafiye, ta yadda juyen wata-wata ya dace da shi, sai dattijon ya ci gaba da yi wa motar abin da ya saba ba tare da ya lura cewa mai tuƙa ta ya canza ba.

Shi ma ƙanin maigidanki maganarsa tana da tushe, sai dai ya ɗora ta a kan motar da ba tata ba. Gaskiya ne akwai sababbin motocin Toyota masu shan man da ake kira sintetik, wato man da aka fi sarrafawa a masana'anta, mai lamba 0W-20, waɗanda kamfanin ya yarda su kai mil 10,000 ko wata goma sha biyu. Amma a cikin littattafan waɗannan motoci ma an rubuta cewa idan ana yawan bin hanyar ƙasa mai ƙura, ko ana yawan barin inji yana aiki mota na tsaye, ko ana tafiya a hankali na dogon lokaci, to a koma mil 5,000 ko wata shida. Duk wanda ya zauna a Kebbi daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da za a share tsakar gida da safe kafin azahar ƙura ta sake rufe ta, ya san a wane rukuni motocinmu suke. Motarki kuma an ƙera ta ne kafin wannan sassauci, ba ta cikin waɗanda aka yi wa shi.

Akwai kuma abin da mutane ba su cika ganewa ba, wato gajeriyar tafiya ta fi doguwa wahalar da baƙin mai. Duk litar fetur da ta ƙone tana haifar da tururin ruwa da ya kai kusan lita guda. Mafi yawansa yana fita ta salansa, shi ya sa kike ganin ruwa yana ɗiga daga bayan mota da sanyin safiya, amma wani kaso yana silalewa ta gefen fistin ya gangara cikin mai, tare da ɗan fetur da bai ƙone ba, musamman a mintunan farko da injin ke da sanyi. Idan aka yi tafiya mai nisa man ya ɗauki zafi sosai, sai ruwan da fetur ɗin su ƙafe su fita. Idan kuwa kullum kilomita 4 ce a kashe mota, da kyar man ke ɗumama, sai ruwan ya riƙa taruwa yana haɗuwa da ragowar ƙuna yana zama tsami mai cin ƙarfe, sinadaran da aka zuba a man domin kashe wannan tsami kuma suna ƙarewa a hankali ko motar tana tafiya ko tana ajiye. Ƙarshen abin shi ne man ya koma baƙar laka mai toshe ƙananan hanyoyin da yake bi zuwa saman inji. Wannan shi ne dalilin da ya sa aka sanya iyakar lokaci, kuma shi ne dalilin da ya sa ba zan yarda ki kai shekara ba duk da ƙarancin tafiyarki. A nan ziyararki ta Argungu tana yi wa motar amfani ƙwarai, domin tafiyar kusan awa guda ba tsayawa tana ƙone abin da ya taru a makonnin baya, don haka ki riƙe ta.

Idan kina son lokacin da ba za ki manta ba, ki sanya juye na farko a watan Maris, lokacin da hunturu ya janye kuma zafin bazara yake shirin shigowa, domin injin ya shiga watannin Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40 a nan, da sabon mai, an kuma fitar da wanda ya sha ƙura. Na biyu sai ya faɗo a Satumba, gab da ɗaukewar damina. Idan wata shekara tafiya ta yi yawa, misali aka yi ta zirga-zirga zuwa Zuru ko Yawuri ko Kano har mita ta ƙara mil 3,000 kafin wata shidan ya cika, sai ki bi mitar. Idan kuma aljihu bai kai ga sintetik ba kika sayi man gama-gari mai sauƙin kuɗi na kamfanin da aka sani, babu laifi, amma ki matso da juyen zuwa wata huɗu.

Batun lambar mai yana buƙatar natsuwa, domin a nan ne ake yawan gardama a gareji. Lambar farko, wadda ke tare da harafin W, tana nuna yadda man ke gudu lokacin da yake da sanyi, kuma ƙaramar lamba ita ce mai saurin gudu. Lamba ta biyu tana nuna kaurinsa idan ya yi zafin digiri 100, wato zafin da yake aiki a cikinsa. Hujjar masu zuba 20W-50 ita ce ƙasarmu tana da zafi, mai marar kauri zai tsinke. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ba zafin rana ne ke yanke zafin cikin inji ba, ruwan lagireto da fanka ne ke riƙe shi a wani mataki, ko a Kebbi motar take ko a ƙasar sanyi, bambancin ba shi da yawa matuƙar na'urorin sanyaya injin suna lafiya. Injin Corolla ɗinki yana da tsarin da ake kira VVT-i, wanda ke amfani da ƙarfin turin baƙin mai ta cikin siraran hanyoyi domin daidaita lokacin buɗewa da rufewar bawul, kuma an auna waɗannan hanyoyi ne da mai irin 5W-30. Kaso mai yawa na zaizayar inji yana faruwa ne jim kaɗan bayan an tayar da shi, kafin mai ya hau sama, kuma mai kauri ya fi jinkirin hawa. Ke da kike tayar da mota sau da yawa kina gajeriyar tafiya, wannan ya shafe ki fiye da direban haya da injinsa ke yini da zafi. Mai kauri kuma yana ƙara wa injin nauyin juyawa, ya ɗan ƙara shan fetur, abin da ba ƙarami ba ne tun da aka janye tallafi a watan Mayun 2023.

Saboda haka ƙanin maigidanki ya yi daidai da ya nuna miki murfin, kuma 5W-30 shi ne abin da zan so ki koma gare shi. Sai dai ki koma da ido buɗe. Motar ta daɗe a duniya, kuma idan zobban fistin, waɗanda bakanikai ke kira rin, sun fara gajiya, ko robobin da ke tare mai sun bushe, mai kauri yana ɓoye wannan rauni, marar kauri kuma yana tona shi. Bayan juyen farko da 5W-30, ki riƙa duba ma'aunin mai bayan kowane kwana uku ko huɗu na tsawon wata guda, ki kuma duba ƙasa inda motar ta kwana ko akwai ɗigo, ki sa wani ya tsaya a baya lokacin da kike tayarwa ya ga ko salansa tana fitar da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi. Idan man bai sauka ba sai kaɗan, kin samu abin da ake so. Idan kuwa yana sauka da sauri, sai ki hau mataki guda zuwa 5W-40 ko 10W-40, wanda ya fi kauri a zafi amma bai kai 20W-50 nauyi da safe ba. Ba a gina wa mutum tsoro a kan wannan, domin 20W-50 na gaskiya ba ya kashe inji dare ɗaya, illarsa a hankali take zuwa.

Abin da ke kashe inji da gaggawa abu biyu ne, ƙarancin mai da jabun mai, kuma a kansu nake so ki fi sa hankalinki fiye da ƙirga watanni. Injin motarki yana ɗaukar kimanin lita 4. Duk inji yana shan mai kaɗan, tsoho kuma ya fi sha, har littafin Toyota ya ambaci lita guda a kilomita 1,000 a matsayin iyakar abin da inji zai iya sha. Juyen wata-wata, duk da asarar da ke cikinsa, yana da fa'ida guda da ba a lura da ita, wato duk wata ana cika man. Idan kika koma wata shida, wannan aiki ya dawo hannunki, kuma ba shi da wuya. Sau ɗaya a mako, da safe kafin ki tayar da mota, tana tsaye a wuri mai daidai ba gangare ba, ki buɗe bonet ki zaro sandar awon mai, mai kan roba ruwan ɗorawa, ki goge ta da tsumma mai tsabta, ki mayar har ƙarshe, ki sake zarowa. Akwai alama biyu a ƙasanta, kuma ana so man ya kasance tsakaninsu, kusa da ta sama. Idan ya kusa ta ƙasa, ki ƙara irin man da ke ciki kaɗan-kaɗan kina sake aunawa, kada ya haura alamar sama, domin mai idan ya yi yawa ƙarfen da ke juyawa a ƙasan inji yana kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta raba ƙarfe da ƙarfe. Ki koya wa babban ɗanki ko babbar 'yarki wannan aiki, ku riƙa yi tare ranar Asabar.

Kada launin man ya firgita ki. Baƙin mai mai kyau yana ɗauke da sinadaran wanki da ke kwaso dattin ƙuna su riƙe shi a cikin man har ranar juye, don haka yin duhu bayan 'yan makonni alama ce ta yana aikinsa. Murza shi tsakanin yatsu biyu, kamar yadda ake yi a gareji, ba ya nuna ko sinadaransa sun ƙare. Abin da ya kamata ya tayar miki da hankali shi ne idan kika ga man ya koma kalar shayi mai madara, domin wannan yana nufin ruwan lagireto yana shiga cikinsa, galibi saboda gaskit ɗin saman inji ya ƙone, ko kuma idan yana warin fetur sosai kuma awonsa yana ƙaruwa maimakon raguwa, ko kika ga ɓurɓushin ƙarfe yana ƙyalli a jikin sandar. A waɗannan halaye juye kaɗai ba ya magani, sai an nemo inda matsalar take.

Jabun mai kuwa annoba ce a kasuwanninmu, kuma Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, ta sha kama shi tana gargaɗi a kansa. Akwai ɗanyen mai da ba a haɗa shi da sinadarai ba, wanda ake aunawa a kwalabe a bakin titi, akwai kuma tsohon mai da ake tacewa a ɗura a galan ɗin sanannen kamfani a liƙe. Irin wannan ko duk mako ake canza shi ba zai kare inji ba. Ki sayi manki da kanki a babban gidan mai da ke sayar da na kamfaninsa, ko wurin dila da aka sani, ki duba hatimin murfin bai taɓu ba, ki duba bayan galan ki ga alamar API, wato tambarin cibiyar Amurka da ke tsara matakan ingancin mai, da haruffa SL ko SM ko SN ko SP. Waɗannan matakan inganci ne da ke hawa bi da bi, SL ya fito a 2001, SM a 2004, SN a 2010, SP kuma a 2020, kuma kowane na baya yana maye gurbin na gabansa a injin fetur. Idan farashin ya yi arha fiye da yadda aka sani, ki bar shi. Kuɗin da kike kashewa a juye goma sha biyu na shekara, idan kika tattara shi a kan biyu, zai saya miki mai da filta mafi inganci har ki samu rara mai yawa. Bayan an juye, ki karɓi galan ɗinki idan da ragowa domin ciko, idan kuma ya ƙare ki sa a huda shi, saboda galan mai lafiya shi ne jarin masu jabu.

Filtar mai ana canza ta ne a duk juye, ba a tsallake ta, domin tsohuwar tana riƙe da datti da ragowar tsohon mai. Ita ma akwai jabunta, kuma mai kyau tana da ɗan bawul a ciki da ke hana mai zurarewa ƙasa idan mota ta kwana, shi ya sa injin da aka sa wa marar kyau yakan yi ƙarar kaf-kaf na 'yan daƙiƙu da safe. Filtar iska kuma, a wannan yanki namu, kusan ta fi komai tasiri ga tsawon ran inji, domin ƙurar hunturu yashi ne mai laushi, kuma duk wanda ya wuce ta filta mai huda ko wadda ba ta zauna daidai ba yana shiga ya goge bangon silinda ya gangara cikin mai. A duba ta duk wata a lokacin hunturu, a kakkaɓe ta a hankali, a canza ta a juyen Maris. Kada ki yarda a wanke cikin injin da kananzir ko gas ko fetur da sunan fitar da datti, domin suna wanke man da ke kare ƙarafa, suna kuma iya ɓamɓaro laka ta je ta toshe rariyar famfon mai.

Akwai tambaya guda da nake so ki yi wa dattijon, ko tamostat na motar yana nan. Ɗan bawul ne da ke tare ruwa kada ya zagaya lagireto har sai injin ya kai zafin digiri 80 da ɗoriya. Al'ada ce a garejojinmu a cire shi daga motar da aka shigo da ita, a kuma haɗa fanka ta riƙa juyawa ba tsayawa, bisa zaton an yi shi ne domin ƙasashen sanyi. Sakamakon shi ne injin yana daɗewa bai ɗumama ba, kwamfutar motar tana ci gaba da zuba fetur da yawa, ruwa da fetur suna ƙara taruwa a mai, kuma ga mai gajeriyar tafiya irin taki wannan yana ninka matsalar da na bayyana a sama. Za ki iya ganewa da kanki, domin idan allurar zafi ba ta kai kusan tsakiya ba bayan tafiyar minti goma, ko fanka ta fara juyawa da zarar an murza makulli ba tare da an kunna na'urar sanyaya ciki ba, to akwai alamar an taɓa wurin. Idan haka ne, mayar da shi yana cikin gyare-gyare masu sauƙin kuɗi da za su amfane ki.

Game da yadda za ki yi da dattijon, shawarata ita ce kada ki kai masa maganar a matsayin ƙanin maigidanki ya ce, domin wannan zai mayar da ita gardama tsakanin maza biyu, ke kuma ki rasa mai duba miki mota da amana, abin da ba a samunsa a kasuwa. Ki je ki gaishe shi kamar yadda kika saba, ki ce masa, Baba, na lura tafiyata ba ta kai ta marigayi ba, a wata ko kilomita 500 ba na yi, kuma nauyin yara ya yi mini yawa, ina so mu mayar da juye wata shida-shida kamar yadda littafin motar ya ce, ni kuma zan riƙa zuwa da man da filta. Ki ƙara da cewa kina so ki ci gaba da kawo ta lokaci-lokaci ya duba miki birki da taya da ruwan lagireto da filtar iska, ki kuma riƙa biyan sa ladan wannan dubawa ko da ya ce ki bar shi. Da haka kin nuna masa ba guje masa kike yi ba, kuma ya san bai rasa matsayinsa ba. Mutumin da ya tsaya muku ranar rasuwa, ina kyautata zaton zai karɓi wannan da hannu biyu. Idan ya nuna shakka kan 5W-30, ki gaya masa za ku gwada na wata guda kuna aunawa tare, domin bakanike ya fi yarda da abin da ya gani a sandar awo fiye da abin da aka karanta masa. Shi kuma ƙanin maigidanki ki gode masa kan batun lambar mai, ki nuna masa lissafin wata shida, ki roƙe shi ya daina ambaton cuta a kan aminin yayansa tun da babu hujja a kai.

Ki ajiye ƙaramin littafi a aljihun gaban mota, duk juye ki rubuta kwanan wata da lambar da mita ta nuna da irin man da aka zuba, haka ma duk cikon da kika yi. Wannan zai nuna miki ko injin ya fara ƙara shan mai, kuma ranar da za ki sayar da motar zai ƙara mata daraja.

Sai fitilu biyu da ke allon gabanki, waɗanda bai kamata ki haɗa su ba. Wadda ke rubuta MAINT REQD tunatarwa ce kawai, tana ƙirga mil 5,000 daga ranar da aka sake saita ta, ba ta san halin da man yake ciki ba kuma ba ta ƙirga watanni, don haka ki sa a riƙa saita ta a duk juye, amma kada ki jira ta. Ja mai hoton 'yar buta da ɗigo kuwa tana nufin ƙarfin turin mai ya faɗi, kuma tana kamawa ne bayan abu ya riga ya yi nisa. Daidai ne ta kama idan kin murza makulli ta kuma mutu da zarar injin ya tashi. Idan ta kama kina cikin tafiya, ko a tsakiyar hanyar Argungu ne, ki gangara gefe inda babu haɗari ki kashe injin nan take, ki jira minti biyar ki auna man. Idan ya yi ƙasa ki cika daga galan ɗin da ke but, ki tayar ki gani ko ta mutu. Idan awon daidai yake amma fitilar ta ƙi mutuwa, kada ki ce bari in lallaɓa zuwa gari, ki kira dattijon ya zo ko a jawo motar, domin tafiyar minti kaɗan a wannan hali tana iya kai ki ga sayen wani injin.